Ranar da Sarkin Noma Barmo Ya Kasa Tashi

Masu riƙe da labaran mutanen zamanin da sun ce a wani gari da ake kira Rafin Ɗinya an yi wani Sarkin Noma, sunansa Barmo. Mutanen garin suna da al'adarsu: ba wanda zai sa galma a gonar gayya sai Sarkin Noma ya fara buɗe kunyar farko da galmar sarauta, wata tsohuwar galma mai ƙotar kirya wadda tun zamanin kakan Barmo take gidansu. Kunya ɗaya tak ake nema a wurinsa, in ya kai ƙarshenta ya koma inuwa, samari su ɗauka. Amma ranar da Sarkin Noma ya kasa buɗe kunyar nan, to sai ya aika wa Dagaci da galmar, a nemi wani gida a ba su.

Barmo ya haura saba'in, kuma ya fi shekara goma rabonsa da yin abin da ya wuce kunyarsa ɗaya. 'Ya'yansa ke noma gandu, shi nasa zagayawa da nuni da sanda. A daminar da muke magana, ran Litinin aka yi gayyar huɗa a gonar Dagaci. Barmo ya buɗe kunyarsa lafiya lau, har ya juya zai nufi gindin ɗorawa, sai makaɗin gangar noma ya ɗauko tsohon takensa, wanda ake kaɗa masa tun yana saurayi. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsoho ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya tuɓe rawani ya ɗaure ƙugu da shi, ya faɗa cikin samari sa'annin jikokinsa. Ba a raba shi da galma ba sai da la'asar ta yi sanyi. Ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa yaran yanzu shan fura kawai suka iya.

Ran Talata ya ji jikin ya ɗan yi nauyi, ya ce ba komai. Ran Laraba da safe ya yunƙura zai tashi, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Cinyoyi kamar an kirɓa su a turmi, kafaɗu sun ƙage, wuya ba ya waiwaye. Ko tari ya yi sai ya ji shi har haƙarƙari.

Ba ciwon ne ya karya masa zuciya ba, tunawa ce. Mahaifinsa ma haka ya wayi gari ya kasa tashi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara bakwai a kan tabarma. Barmo da hannunsa ya riƙa juya shi, yana yi masa wanka, yana ba shi kunu a baki. Da ya kwanta yana kallon azara, sai ya ce a ransa, shi ke nan, gadon gida ya iso kaina. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya hana kowa taɓa shi, ya ƙi motsa ko da ɗan yatsa, don kada abin ya ƙara yaɗuwa. Sallolin ranar duk a kwance ya yi su da ishara. Da ya daɗe bai motsa ba, sai jikin ya ƙara sandarewa, shi kuwa ya ɗauki wannan a kan shaidar cewa zatonsa ya tabbata.

Ran Alhamis da hantsi ya kira babban ɗansa Shekarau, magidanci mai furfura a gemu, ya ce, "Jibi Asabar akwai gayya, ni kuwa ka ga yadda Allah ya yi da ni. In an yi la'asar ka ɗauki galmar nan ka kai wa Dagaci. Ka ce Barmo ya gode, ya sauke."

Shekarau bai saba musu da ubansa ba. Ya ce to, ya fita, amma bai zame ko'ina ba sai gidan Hansai. Ita Hansai ungozomar garin ce, 'yar ƙanwar mahaifin Barmo, ta girme shi da shekara biyu. Taubasai ne, tun suna ƙuruciya ba su gaisawa sai da tsiya, kuma ita kaɗai ce a duk Rafin Ɗinya ke iya faɗa wa Sarkin Noma abin da ta ga dama.

Ta shigo tana dogara sanda, ta ce, "Salamu alaikum. An ce mini akwai gawa a ɗakin nan da ke ba da umarni, na ce bari in zo in gani da idona."

Barmo ya ce, "Hansai, yau ba ranar wasa ba ce. Ciwon Baba ne ya zo mini."

Ta zauna a bakin ƙofa ta dube shi da kyau. Ta ga baki daidai, magana tar, hannu biyu duka sun damƙe bakin mayafi. Ba ta ce komai a kai ba, don ta san halin mutuminta: in aka faɗa masa gaskiya kai tsaye, sai ya ƙara riƙe tasa. Ta leƙa tsakar gida ta ce da uwargidansa ta ɗora ruwa a babbar tukunya, ta kawo man kaɗanya. Sannan ta juyo.

"Kafin ruwan ya tafasa, ara mini kunnenka, tunda shi dai bai shanye ba. Kwanciyar nan taka ta tuna mini da maƙerin nan na Gidan Tama, wanda ya ɗaure hannunsa da kansa."

Barmo ya so ya yi banza da ita, amma shi mutum ne da ba ya iya barin labari ya wuce shi. Ya ce, "Wane maƙeri kuma? Me ya same shi?"

Hansai ta gyara zama ta ce:

A Gidan Tama an yi wani maƙeri, Audi. Da tsufa ya kama shi ya bar wa 'ya'yansa biyu maƙera, shi sai dai ya zauna a gefe yana kushe aikinsu. Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, manoma suka yi musu ca, kowa na son hauya. Audi ya ga ƙarfe ya taru, ya ce, "Ku matsa ku ga yadda ake ƙira." Ya karɓi babbar masaba, ya wuni yana dukan ƙarfe, ya fid da hauya ashirin. Kwana biyu bayan haka hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ko loma ba ya iya kaiwa baki.

Audi ya ce lalle wani abu ya tsinke a ciki. Ya sami tsohon rawani ya naɗe hannun a ƙirjinsa, ya ƙulle tam, ya ce ba zai kwance ba sai ciwon ya tafi. Ciwon kuwa ya tafi cikin mako guda, amma da ya ɗan gwada miƙewa sai ya ji kafaɗa ta riƙe, ya yi maza ya ƙara ɗaurewa. Haka har kwana arba'in. Ranar da ya kwance, hannun ya zama kamar ƙotar gatari, ya lanƙwashe a inda aka bar shi, ya rame, ba ya gaba ba ya baya.

'Ya'yansa suka ɗora shi a jaki suka kai shi wurin wani maɗori mai suna Jatau. Jatau ya bi hannun da yatsa tun daga wuya har tsintsiyar hannu, ya lallatsa, ya ce, "Ba karaya, ba targaɗe, ba gocewar ƙashi. Wa ya yi maka wannan ɗauri?"

Audi ya ce, "Ni na yi wa kaina."

Jatau ya ce, "Ashe kai ma ka yi irin ta tsohuwar shamuwar nan da ƙadangare ya koya wa tashi."

Audi ya ce, "Ƙadangare ya koya wa tsuntsuwa tashi? Yaya aka yi haka?"

Jatau ya ce:

Wata tsohuwar shamuwa ce, ta shekara da shekaru tana zuwa farkon damina ta sauka a kan kukar wani gari. Shamuwa in ta manyanta ba ta kaɗa fiffike a banza. Jira take rana ta ɗaga, iska mai ɗumi ta taso, ta shimfiɗa fikafikai iskar ta ɗauke ta. Wata shekara suna hanya, sai ƙananan shamuwoyi suka ce, "Iya, wai da gaske ne a da ke kike fara sauka a kan kuka, mutanen gari su ce damina ta zo?" Ta ce, "A da? Ku biyo ni in kun isa." Ta yi kwana uku tana kaɗa fiffike ba hutu, ta riga kowa sauka. Mutanen gari suka ɗaga kai suka ce ga damina. Ta ji daɗi har cikin ranta.

Bayan kwana biyu fikafikai suka ƙi buɗuwa. Da ƙyar ta sulalo gindin kuka, ta naɗe su a jikinta, ta ce ba za ta ƙara taɓa su ba sai sun warke. Ta koma kiwo da ƙafa kamar kaza, tana tsintar fara a cikin ciyawa. Damina ta yi nisa, dawa ta fid da kai, 'yan'uwanta suka fara zancen komawa. Ita kuwa ta sani sarai, shamuwar da aka bari a ƙasa da kaka, rabon muzuru ce.

A kan saiwar kukar akwai wani tsohon ƙadangare, jan kansa har ya koɗe. Ran nan da hantsi ya ce mata, "Baiwar Allah, kullum kina kallona ina ɗagawa ina sauka a kan saiwar nan. Kina tsammani gaishe ki nake yi?"

Ta ce, "Na ɗauka halinku ne na ƙadangaru."

Ya ce, "Hali ne da dalili. Ni in gari ya waye jikina itace ne, ko shaho ya sauko ba zan iya gudu ba. Sai in ja ciki in zo nan, in bar rana ta gasa ni. In na ji ɗumi ya ratsa, in ɗaga sau ɗaya, in huta. In ɗaga sau biyu, in huta. Kafin rana ta take, ba bangon da ba na hawa. Ke ma juya wa rana baya, ki buɗe su kaɗan."

Ta gwada, ta ce, "Da zafi."

Ya ce, "Da zafi mana. Amma zafi iri biyu ne. Akwai wanda in kin motsa yake raguwa, wannan ki bi shi a hankali. Akwai wanda in kin motsa yake ƙaruwa, yana suka a wuri guda, wannan ki tsaya. Wanne kika ji?"

Ta sake buɗewa, ta rufe, ta buɗe. Ta ce, "Kamar yana raguwa."

Ran farko taƙi guda ta iya buɗewa. Bayan mako ta yi tsalle ta hau reshen ƙasa. Bayan mako biyu tana zagaya kuka ta dawo. Ranar tafiya ƙananan suka tashi tun da sassafe suna rige-rige, ita ta tsaya sai da rana ta ɗaga, ta shimfiɗa fikafikai iska ta ɗauke ta. Ita ce ta ƙarshe a tashi, amma inda suka sauka nan ta sauka, kuma washegari ita ce ba ta nishi.

Jatau ya dubi maƙeri ya ce, "Tafiyar kwana uku ta sa mata ciwon mako guda ne kawai. Naɗewar da ta yi ita ce ta kusa ba da ita ga muzuru. Kai ma ba masaba ce ta kama maka hannu ba, Audi. Rawanin nan ne."

Hansai ta ci gaba ta ce: Jatau ya sa aka dafa ruwa, ya gasa kafaɗar da tsumma, ya mulke ta da man kaɗanya, ya ce kullum safe da yamma a yi haka, sannan Audi ya riƙa tafiya da yatsunsa a jikin bango, yau nan, gobe sama kaɗan. Sai da ya yi wata uku kafin hannun ya kai saman kansa. Ya koma maƙera, amma bai ƙara ɗaukar babbar masaba ba. Awartaki yake riƙewa, yana juya ƙarfe da shi, da 'yar ƙaramar guduma yana nuna inda za a daka, 'ya'yan suna dukan. Mutane suka ce ba a taɓa yin hauya mai kyau a Gidan Tama kamar ta lokacin ba, don ido na tsoho ne, ƙarfi na samari.

Ta nuna Barmo da sandarta. "Shi kwana arba'in ya ɗaure kansa, ya yi wata uku yana kwancewa. Kai yau kwananka biyu. Sai ka zaɓa."

Barmo ya ce, "Labarinki ya yi daɗi, Hansai, amma shi hannu ɗaya ne. Ni duk jikina ne. Na ce miki ciwon Baba ne."

Hansai ta ce, "Ni ban yi jinyar Kawu ba? Ranar da ya faɗi ina tsakar gidan nan. Bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, hannun dama da ƙafar dama suka saki kamar tsumma. Ya ce maka suna ciwo? Tsunkulinsa na yi da farcena, bai san na yi ba."

Kafin ya ankara ta miƙa sanda ta dungure shi a cinyar dama. Ya yi ƙara. Ta dungure ta hagu, ya ƙara yin wadda ta fi ta farko.

"Hansai, kashe ni kika zo yi?"

"Dama ta ji, hagu ta ji. Bakinka kuwa ga shi nan garau, har da ƙarfin yi mini tsiwa. Da na shigo na ga ya karkace, kana tsammani zama zan yi ina ba ka labarin ƙadangare? Da tuni mun ɗauke ka mun nemi magani. Tsamin jiki ne, Barmo. Ka shekara goma kana noma da baki, an kaɗa maka ganga ka wuni kana tsere da jikoki. Me kake so ƙugun ya ce maka, sannu da aiki?"

Barmo ya motsa yatsun ƙafar dama, ya ga sun motsa. Ya motsa na hagu. Ya dunƙule hannu biyu ya buɗe. Sai ya ji wani abu mai nauyi da ya danne masa ƙirji tun jiya da safe ya sauka, hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne, bai ko yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Ya ce, "Wallahi na ɗauka Shekarau zai shekara bakwai yana juya ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan."

A nan Hansai ba ta yi tsiya ba. Ta ce, "Na sani. Allah bai kawo ba. Ruwa ya tafasa."

Shekarau ya shigo da ƙwarya da tsumma. Hansai ta koma bayan ƙofa tana ba da umarni: a sirka ruwan kada a ƙona shi, a fara da ƙugu, a danna a hankali, a bi cinyoyi da man kaɗanya daga gwiwa zuwa sama. Barmo ya yi ta nishi yana cewa ɗan nan ba shi da tausayi, amma bai ce a bari ba. Da aka gama aka kawo masa kunu mai zafi ya sha, ya yi gumi. Ya juya gefe, ya dafa ƙasa, ya zauna. Ya huta. Ya kama kafaɗar ɗansa ya miƙe.

Takun farko ya ji shi har ƙeya. Na biyar bai kai na farko ba. Ya fita tsakar gida, rana ta bugi bayansa, ya zagaya rumbu sau ɗaya yana dafa shi, ya zauna a kan turmi, ya sake tashi ya zagaya ba dafawa. Uwargidansa ta tsaya da muciya a hannu tana ta hamdala.

Hansai ta ce, "Gobe ma haka, safe da yamma. Ka taka zuwa masallaci da ƙafarka, kada ka koma ka shimfiɗe. Kuma daga yau, in damina ta matso, ka riƙa ɗan taɓa hauya a bayan gida, kada galma ta riƙa zuwar maka baƙuwa. In ka ji wuri guda ya kumbura ko yana suka, wannan ba nawa ba ne, a kira maɗori."

Barmo ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Shekara saba'in kina faɗa mini maganar banza, yau dai kin faɗi ta kirki."

Ana cikin haka aka kira la'asar. Shekarau ya shiga ɗaki ya fito da galmar sarauta, ya tsaya gaban ubansa, ya russuna. Shi mutum ne da in an ba shi saƙo ba ya ajiyewa sai wanda ya ba shi ya janye.

"Baba, lokaci ya yi. In kai?"

Barmo ya miƙa hannu biyu ya karɓe ta. Nauyinta ya ja masa kafaɗa, ya cije leɓe, bai sake ta ba.

"Je ka, amma ba da ita ba. Ka gaida Dagaci, ka ce masa jibi Sarkin Noma na nan tafe da ƙafarsa. Kunya ɗaya zai buɗe, ya koma inuwa."